Ƙanzon alli a bututu: littafin aikin gyaran ruwan famfo a wani gida a Las Vegas

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Gidan na mutum biyar ne, banɗaki biyu, tankin ruwan zafi na gas mai cin galan 50, wato kusan lita 190, da na'urar sanyaya iska ta ruwa a gareji. Abubuwan da suka tayar da aikin: kan shawa ya koma fesa ruwa ta gefe-gefe, tankin ruwan zafi yana ƙara kamar ana suyar gugguru, kofunan gilashi suna bushewa da farin tabo, fararen kaya kuma sun fara komawa ruwan toka.

Yau awo kawai muka yi, ba mu kwance komai ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan wannan gari daga Kogin Kolorado yake zuwa ta Tafkin Mead. Asalinsa ƙanƙara ce da ke narkewa a tsaunukan Rocky, ya biyo ta cikin duwatsun farar ƙasa ya kwaso kalsiyam da magniziyam. Garin yana tsakiyar Hamadar Mojave, ruwan saman shekara kusan santimita goma ne kacal, saboda haka duk ɗigon da ya faɗi kan tayil nan take yake bushewa ya bar allinsa. A ƙasar Hausa da an ce ruwan zartsi ne, tunda ba ya kumfa, sai dai wannan zartsin na alli ne, gishirinsa kaɗan ne a baki.

Mun yi awon da kayan gwaji na Hach 5-B. Ana cika ɗan bututun awo da ruwa, a juye a kwalba, a zuba garin gwaji cokali ɗaya ruwan ya yi ja-ja, sannan a riƙa ɗiga maganin ana girgizawa har ya koma shuɗi. Kowane ɗigo giren ɗaya ne a galan, giren ɗaya a galan kuma miligiram 17.1 ne na alli a lita. Famfon kicin ya ci ɗigo 17, na banɗaki 17, na waje 17. Kusan miligiram 290 ke nan a lita. A ma'aunin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, duk abin da ya haura 180 ya shiga sahun ruwa mai tsananin tauri. Idan gida yana shan galan 300 a rana, kusan sulusin kilo na narkakken alli ne ke ratsa bututunsa kullum.

Ƙaramar mitar da ake tsomawa a kofi ta nuna 610. Wannan mitar jimlar duk abin da ya narke a ruwa take kintata, har da gishiri, don haka ba a auna tauri da ita. Na rubuta wannan tun yanzu saboda masu tallar na'urori da ita suke tsorata mutane.

Kuɗi: kayan gwaji dala 32, mita dala 14. Jimla 46.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Gwajin tafasa. Ruwan da ya tafasa minti goma, ya huce, aka tace, ya ci ɗigo 12. Tafasa tana fitar da ɓangaren allin da ke tafiya da bikabonet ne kawai, shi ne farin da ke kwanciya a gindin butar shayi. Ruwan Kolorado yana da salfet da yawa, wannan kuwa ko za a yini ana tafasawa yana nan. Wanda ya ce tafasa ta wadatar bai auna ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ranar jiƙe-jiƙe. Kawunan shawa biyu da rariyoyin bakin famfo biyar aka kwance. An jiƙa kawunan shawa a farin ruwan khal mai ƙarfin kashi 5, awa uku, aka bi ramukan da tsinken sakace. Butar lantarki kuma garin sitirik asid cokali biyu manya a lita ɗaya, aka tafasa, aka bari minti ashirin. Ƙanzon ya ɓare falle-falle kamar ɓawon ƙwai. Sitirik ya fi khal sauri, ba ya kuma barin wari a shayi.

Ɓarna biyu. Ta farko, rariyoyi uku sun manne da bakin famfo har filaya ta murƙushe su kafin su juya. Da an ɗaura leda mai khal a bakin famfon awa guda kafin a taɓa su, da sun kwance da hannu. Ta biyu ta fi ciwo: ledar khal da aka bari ta kwana a famfon banɗaki mai launin tagulla ta ɗiga a kan dutsen marmara na wurin wanke hannu. Launin famfon ya dusashe, marmarar ta yi tabo mai faɗin kwabo wanda ba ya gogewa. Marmara ita ma alli ce, tsamin da ke cin ƙanzo shi ke cin ta. Daga yau ba a barin tsami ya kwana a kan komai, kuma ba a haɗa shi da bilic ko kusa, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Khal galan biyu dala 8, sitirik 13, rariyoyi 11. Jimla zuwa yanzu 78.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Tankin ruwan zafi. Nan ne ainihin aikin, domin alli ya saba wa sukari: zafi ke sa ya fita daga ruwa ya kwanta. Yana taruwa a gindin tanki, daidai saman wutar gas, ruwan da ya maƙale ƙarƙashinsa ya tafasa ya fashe, shi ne ƙarar gugguru.

Tsarin da muka bi: an mayar da gas kan ƙaramar wuta, an rufe bawul ɗin ruwan sanyi, an buɗe famfon ruwan zafi ɗaya a cikin gida don iska ta shiga, an ɗaura mesa a bawul ɗin ƙasa. Mai tankin lantarki dole ne ya fara kashe wuta tun daga akwatin, in ba haka ba ƙarfen ɗumamawar zai ƙone da zarar ruwa ya sauka ya bar shi a iska.

Ruwa ya fito kamar bokiti ɗaya ya tsaya cak. Bawul ɗin da ya zo da tankin na roba ne, raminsa bai kai kaurin fensir ba, tsakuwar alli ta toshe shi. Waya ta buɗe shi na minti biyu ya sake toshewa, aka yi ta haka har sau shida. Da aka ce a rufe a haƙura sai ya ƙi rufuwa, yashi ya hau kan robarsa, ya koma ɗiga. Ba a yi niyyar canza shi yau ba, dole ta sa.

Yadda aka canza shi da ruwa a ciki: an jira ruwan ya huce sosai, an rufe duk famfunan gidan da bawul ɗin sanyi don tankin ya riƙe ruwansa kamar yadda yatsa ke riƙe ruwa a tsinken shan lemo, an naɗa farin tef a sabon guntun bututu tun kafin a taɓa tsohon, sannan aka cire aka maye cikin gaggawa. Ruwan da ya zube bai cika bokiti ba. Sabon bawul ɗin na tagulla ne mai hannu, inci uku bisa huɗu, raminsa a buɗe sosai. Da shi ne ƙazantar ta fito. Bayan tankin ya tsiyaye, an riƙa buɗe ruwan sanyi daƙiƙa ashirin ana rufewa don ya motsa gindin, sau tara, har ruwan ya fito garau. Abin da ya taru a tsumman da muka ɗaura a bakin mesa ya cika gwangwanin madara huɗu, fari-fari, wani kamar tsakin masara, wani kamar fasasshen ƙwai.

An cika tankin har famfon cikin gida ya daina tofar da iska kafin a mayar da wuta. An sauke zafin zuwa digiri 49, da yana kusa da 60. Ƙarar ta ragu ƙwarai amma ba ta ɗauke ba, akwai wanda ya riga ya daskare a gindi.

Bawul, guntun bututu da tef dala 21. Jimla 99.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Babu ɗiga a sabon bawul.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Sandar da ke hana tanki tsatsa. Ƙarfen magniziyam ne da ke rataye daga saman tankin, ruwa yana cin sa a madadin jikin tankin. Kanta yana cin soket inci ɗaya da ɗaya bisa sha shida. Ta ƙi motsi da sifana ta hannu, tankin ne ma ya fara juyawa yana jan bututun gas, abin da ba a wasa da shi. An sake cika tankin don ya yi nauyi, an rage galan biyu kacal daga sama, mutum ɗaya ya rungume shi, aka zura bututu mai tsawon mita ɗaya a hannun sifana. Ta ba da wata ƙara ta kwance.

Abin da ya fito waya ce tsirara kusan rabin tsawonta, sauran ya kumbura da alli. Rufin gareji bai ba da damar zura miƙaƙƙiyar sanda ba, sai muka sa mai gaɓa-gaɓa. Ya zama wajibi a yi wannan kafin a kafa na'urar tausasa ruwa, wato mai cire masa alli, domin tausasshen ruwa ya fi saurin cinye sandar. Za a duba ta bayan shekara biyu.

An auna ƙarfin ruwa a famfon waje: 62 da rana, 68 da dare a ma'aunin psi. Bai kai 80 ba, babu buƙatar taɓa bawul ɗin rage ƙarfi.

Sanda 38, soket 9, agogon awon ƙarfi 12. Jimla 158.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Lissafin girman na'urar tausasa ruwa. Cikinta ƙwayoyin rezin ne ƙanana, ba su kai gero ba, suna kama kalsiyam da magniziyam su saki sodiyam. In sun ƙoshi, sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri, allin ya bi magudana.

Mutum biyar, galan 60 kowanne, galan 300. Mun ɗauki tauri 18 don a bar rara: giren 5,400 a rana. Na'urar da ake tallarta da lamba 48,000, wato giren ɗin allin da za ta kama kafin a wanke ta, tana ɗauke da rezin kusan lita 42, amma ba ta kai wannan lamba sai an ɗura mata gishiri kilo goma a kowane wanki. Da kilo huɗu tana ba da wajen 30,000. Ƙasa da rabin gishirin, kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Wannan muka zaɓa. Akwai dalilin da ya wuce aljihu: ruwan da ya bi magudanar gidajen garin ana tace shi ya koma Tafkin Mead, gishirin da muka zubar kuwa tacewar ba ta cire shi.

An yi odar mai mita, wadda ke wanke kanta gwargwadon ruwan da aka sha, da rezin mai ƙarfin kashi 10 saboda kulorin ɗin ruwan gari yana ruɓar da mai kashi 8 da wuri. Dala 780. Jimla 938.

Lahadi, 3 ga Maris

Kafin na'ura ta iso, gwajin kanwa. Wake iri ɗaya, tukunya uku: ruwan famfo zalla, ruwan famfo da ɗan ƙanƙanin jiƙaƙƙiyar kanwa, da ruwan roba na shago. Na kanwa ya riga nuna, na shago ya biyo baya, na famfo zalla ya ƙara kusan rabin awa kuma fatarsa ba ta saki ba. Kalsiyam yana ɗaure ƙwayoyin jikin wake su yi gardama, kanwa kuma tana kayar da kalsiyam ɗin tana kuma sassauta waken da kanta. Iyayenmu mata ba su san sunan sinadarin ba, amma aikin da suke yi ke nan.

A wanki ma haka. Garin sodar wanki ɗan'uwan kanwa ne, tatacce. Cokali babba ɗaya da rabi a injin da ke cin lita 60 ya dawo da kumfa da rabin garin wankin da aka saba zubawa. Aibinsa shi ne allin da ya faɗo yana zama gari, ya kwanta a baƙaƙen kaya, ruwan ɗauraya kuma yana nan da taurinsa. Ga mai haya da ba zai iya yanka bututu ba, wannan da sitirik sun ɗauke masa rabin wahala da kuɗi kaɗan.

Asabar, 9 ga Maris

An kafa na'ura. Gidan yana da madaukin bututu da magina suka bari a bangon gareji don wannan aiki, kamar gidaje da yawa a nan. Mai gyaran famfo ya yanke shi ya haɗa. Kafin yanka an tabbatar da wanne ne mai shigowa ta hanyar rufe babban bawul da buɗe shi kaɗan, saboda in aka juya shiga da fita ƙwayoyin rezin za su bi ruwa su cika duk rariyoyin gida. Tiyon zubar da ruwan gishiri an ɗaure shi sama da bakin magudana da tazarar inci biyu, kada ƙazanta ta tsotsu baya.

Saiti: tauri 18, ƙarfi 30,000, ajiya galan 300, wanki ƙarfe biyu na dare. Cika tankin gishiri minti shida a rabin galan kowane minti, galan uku ke nan, galan ɗaya kuma yana narkar da kusan kilo ɗaya da sulusi.

Kayan haɗi 95, gishiri buhu uku masu kilo 18 dala 24, ladan aiki 250. Jimla 1,307.

Lahadi, 10 ga Maris

Ruwan sanyi a banɗaki: shuɗi tun ɗigon farko. Ruwan zafi: 13, tsohon ruwa ne a tanki, zai sauka da kansa. Famfon waje 17, haka ake so, ba a ba shuka ruwa mai sodiyam. Mitar kofi ta nuna 625, ta ma ɗan hau, tunda musanya aka yi ba cirewa ba.

Abin da ba mu zata ba: ruwan sanyi na kicin 17. Magina sun ware shi daga madaukin. Da gangan ake yin haka don a bar ruwan sha ba sodiyam. A tauri 17, tausasawa tana ƙara wajen miligiram 130 na sodiyam a lita, abin lura ga mai hawan jini da mai haɗa wa jariri madara. Taurin kansa ba cuta ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa iyaka ta fuskar lafiya ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi ya kama, aiki zai koma dare. Ruwan zafi ya sauka zuwa 1. Mutanen gida suna ƙorafin santsi a jiki bayan wanka, wai sabulu ba ya fita. An rage sabulun, ƙorafin ya ragu.

Asabar, 23 ga Maris

Ruwa ya koma 9 a banɗaki. Tankin gishiri cike da ruwa har kusan baki, gishirin bai ragu ba ko kaɗan. Na'urar tana zuba ruwa amma ba ta tsotsewa. An bi ta mataki-mataki. Gishiri bai daskare ya yi gada ba, sandar tsintsiya ta nutse har ƙasa. Ƙaramar matsotsar cikin kan na'urar a buɗe take, rariyarta fes. Laifin yana bayan tanki: an tura kwalin kaya ya lanƙwashe tiyon magudana. Tsotsar ruwan gishiri ta dogara da gudun ruwan da ke fita, in mafita ta matse tsotsa ta mutu. Wanki biyu suka wuce a banza, kowanne ya ƙara galan uku a tankin.

An maye tiyon da mai kauri wanda ba ya lanƙwasa, an kafe shi a bango da maƙalai. An kwashe rarar ruwan da kofi, an yi wanki biyu a jere da hannu. Da safe ɗigo ɗaya. Da ana gwaji duk mako da an kama shi tun na farko, saboda haka gwaji ya koma duk Juma'a. Ragowar tiyo da maƙalai suna cikin kayan haɗin da aka saya, ba sabon kuɗi.

Asabar, 30 ga Maris

Matatar ruwan sha ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke, mai fatar tacewa: rariyar laka mai maikuron 5, gawayi biyu don kama kulorin, fatar mai ba da galan 50 a rana, da ƙaramin tankin ajiya. In aka ba ta ruwan kicin mai tauri 17, alli zai toshe fatar da wuri. Sai muka ja siririn tiyo mai inci ɗaya bisa huɗu daga bututun sanyi na injin wanki, wanda ke bayan bango ɗaya da kicin kuma tausasshe ne. An duba iskar tankin yana fanko, 7 a ma'aunin psi. An zubar da cika biyu na farko.

Mitar kofi a nan take da amfani: 625 ke shiga, 34 ke fita. Shayi ya daina yin fatar nan mai ƙyalli a samansa, ƙanƙara ta fito garau. Ana asarar wajen lita uku a kowace lita da aka samu, don haka na sha ne da girki da dutsen guga kawai.

Matata 190, tiyo da mahaɗi 17. Jimla 1,514.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Ɗigo 1. Mitar na'ura tana nuna matsakaicin galan 250 a rana, wanki duk kwana biyar zuwa shida.

Asabar, 13 ga Afrilu

Bayan Sallah, na'urar sanyaya iska ta gareji. Babu inda alli ke taruwa kamar nan, domin aikinta ke nan ta busar da ruwa ta bar abin da ke cikinsa. Katifun zaren itace da ruwa ke jiƙawa iska ta ratsa sun zama kamar busasshen burodi, farantin ƙasa ya yi ƙanzo mai kaurin yatsa, bawul ɗin da ke tsayar da ruwa in faranti ya cika ya ƙame a buɗe. Ba mu ba ta tausasshen ruwa ba: sodiyam in ya taru yana cin ƙarfen faranti, ga ɓarnar gishiri. An kankare farantin da abin kankara na roba, an jiƙa sauran da sitirik, an bi ramukan rarraba ruwa da waya, an sa sababbin katifu da sabon bawul. An ƙara siririn tiyon da ke zubar da ɗan ruwa duk lokacin da famfonta ke aiki, don kada ruwan faranti ya yi kauri. An kai bakinsa kan tsakuwa nesa da gindin shuka.

Katifu 30, tiyon zubarwa 14, bawul 11. Jimla 1,569.

Asabar, 27 ga Afrilu

Banɗaki 1, ruwan zafi 1, matata 36. Gishiri yana tafiya kusan buhu ɗaya da sulusi a wata, an ƙaro biyu, dala 16. Jimla 1,585. Garin wanki ya koma rabi. Gilashin shawa yana yin ɗan tabo har yanzu, amma na gishiri ne, jiƙaƙƙen tsumma yana ɗauke shi. Tankin ruwan zafi ya yi shiru sai jefi-jefi, rariyoyin famfo kuma suna kama ɓarɓashin tsohon ƙanzo da ke sakowa daga bututu, ana wanke su duk mako biyu.

Saura: ɗigon ban-ruwa na lambu, guda goma sha ɗaya sun toshe da alli, za a canza su kafin zafin Yuni. Za a sake tsiyaye tankin ruwan zafi a watan Agusta a ga abin da ya rage a gindi. Rariyar laka da gawayin matata a ƙarshen Satumba. Tabon marmara yana jiran mai goge dutse, ya ce sai ya zo ya gani kafin ya yanka kuɗi.